Azumin da Ban Sha Ba

Ƙamshin yajin jego ne ya riga mu shiga mota. Citta da kanumfari da masoro da kimba, Gwaggo ta daka su da hannunta, ta ɗura a tsohon gwangwanin madara ta ɗaure bakin da leda, amma ƙamshin bai san ɗauri ba. Har yau in na ji shi a wani gida, sai in ga kaina tsaye a tasha, gari bai gama wayewa ba, ina rungume da jakata kamar wadda za a kai makarantar kwana.

Mun tashi daga Nassarawa, unguwarmu a cikin Birni, ana idar da sallar asuba, ni da gwaggon maigidana, 'yan kwanaki bayan ƙaramar salla. Suna za mu Argungu. Ƙanwar maigidan ce ta haihu, haihuwar fari, a gidan iyayensu. Shi ya riga mu tafiya saboda raɗin suna na maza ne da sassafe, namu na mata kuwa yini ne. Maijegon ƙawata ce tun muna sakandare, benci ɗaya muka zauna, ita ce ma ta fara kai wa yayanta labarina. Na riga ta aure da shekaru. Ita ko shekara ba ta rufa ba Allah ya ba ta 'ya mace. Na yi mata murna, Allah shi ne shaida. Sai dai murnar ta zo da 'yar rakiya, kuma 'yar rakiyar ta fi ta nauyi.

Bari in ɗan koma baya saboda waɗanda ba su daɗe da fara karanta ni ba. Tun ina budurwa ciwon mara ke kwantar da ni duk wata. A gida aka ce in na yi aure zai daina. Da na yi aure aka ce sai na haihu. Haihuwar ce ba ta zo ba. Bayan yawon asibitoci da shan jiƙe-jiƙe, wata likita a Abuja ta gano sunan abin, endometiriyosis. Irin shimfiɗar nan ta cikin mahaifa da ke zuba duk wata, ita ce ta tsiro a inda ba wurinta ba, a bayan mahaifa da jikin ma'ajiyar ƙwai. Duk wata ita ma sai ta yi jini, ba ta da ƙofar fita, sai ta kumbura ta manne kayan ciki da juna. Aka yi mini aiki irin wanda ba a tsaga ciki. Ƙananan huji ake yi, a zura na'ura mai ido da fitila, a kankare abin da zai kankaru. Daga nan aka ɗora ni a kan wata allura ta wata-wata da ake yi a fatar ciki. Ita takan sa jikin mace ya yi barci na ɗan lokaci, al'ada ta ɗauke, ciwon ya lafa, kafin a gwada dashen ƙwai. Likitar ba ta ɓoye mini ba, ta ce muddin ina kan allurar nan kada in sa rai da ciki. Dangi sun san an yi mini aiki, sun san ina leƙa asibiti duk wata. Abin da allurar ke yi kuwa, daga ni sai maigida.

Abin mamaki na farko a tasha ya faru. Gwaggo mace ce da ko gishiri ba ta saye sai ta taya, kuma kuɗin mota ya tashi yadda kowa ya sani. Amma ina tsaye ta biya kujerar gaba, mazaunin mutum biyu, ta ce in zauna ni kaɗai. Ta karɓe jakata ta ɗora a cinyarta, ta shige baya tsakanin wani dattijo da wata yarinya mai goyo. Na ce, “Gwaggo, ke ya kamata ki zauna nan.” Ta ce in rufe ƙofa sauro na shiga.

Bazara ce, amma da sassafe iska na da ɗan tausayi. Muna fita gari fadama ta buɗe ta hannun hagu, shinkafar rani ta nuna ta sunkuyar da kai, wasu gonakin an yanke, wasu ana kan yanka. Injinan ban ruwa na tari daga nesa. Buhunan albasa jere a bakin titi suna jiran babbar mota, wani raƙumi na wucewa ta gabansu da girman kai irin na wanda bai taɓa sayen fetur ba. Titin yana da kyau sai inda ba shi da shi. Ramin farko da muka faɗa, Gwaggo ta taɓa kafaɗar direba.

“Direba, tahi a hankali. Akwai ƙwai cikin motar ga.”

“Ƙwai ina, Hajiya? Ni buhun albasa kaɗai na aza.”

“Kai dai tuƙa. Ba kowane kaya aka nuna ma direba ba.”

Dattijon ya yi gyaran murya. Na yi dariya tare da kowa, ban san da ni ake ba.

Ni a lokacin hankalina na waje, kuma abin da nake gani a waje ba daɗi yake mini ba. Duk abin da idona ya sauka a kai, sai in ga yana da nasa. Akuya na tsallaka titi, 'ya'ya biyu na binta suna tuntuɓe. Bishiyar mangwaro ta ɗauki 'ya'ya har an tokare mata reshe da itace. Shinkafar ma abin da ya sunkuyar da ita ke nan. A bayana jaririn yarinyar nan ya farka ya yi ɗan kuka, ta juyo da shi ta ba shi mama, har ina jin ƙarar haɗiyarsa, ƙut, ƙut. Uwar ba za ta kai ni shekaru ba, kuma tana shayar da shi tana latsa waya, ko kallonsa ba ta yi. Na ƙura wa madubin gefe ido ina kallon ɗan tafin ƙafarsa da ya leƙo daga zane. Na san karatuna. Na san hassada ita ce ka so ni'ima ta gushe daga hannun wani, kuma ban taɓa so ba. Nawa ƙyashi ne, ɗan ƙaramin abu mai haƙora da ke zaune a ƙarƙashin haƙarƙari. Ba ya fatan sharri ga kowa. Tambaya ɗaya kawai yake da ita, ita yake ta maimaitawa: ni fa?

A Ambursa direba ya tsaya ƙara iska a taya. 'Yan babur sun cika bakin hanya suna ɗibar masu zuwa aiki Birni, masu talla suka yanyame mota. Na so in sayi ƙosai, Gwaggo ta ce mai ya yi masa yawa, zai tayar mini da zuciya. Ta kira wata mai tire ta tsince ɗanyen mangwaro, kore shar, wanda ko tsuntsu ba zai kula ba. Ta sa aka yanka aka barbaɗa gishiri da yaji, ta miƙo mini ta saman kujera.

“Ci. Na san shi ranki ka so yanzu.”

Na karɓa don kunya. Na gatsa, tsamin ya kama mini muƙamuƙi, kuma a daidai nan komai ya haɗu a kaina, kujerar gaba, da jakar, da ƙwan da direba bai gani ba.

Ranar salla mun je gaishe da Gwaggo. Muna zaune mata zalla ana lissafin ramuwar azumi, wannan ta ce ta sha shida, waccan ta ce takwas, sai Gwaggo ta juyo gare ni. “Ke ɗiyar ga, nawa kinka sha bana?” Ni kuwa da farin cikina na ce, “Ban sha ko ɗaya ba, Gwaggo.” Gaskiya na faɗa, har da ɗan alfahari, domin tun da na balaga ban taɓa kai azumi cif ba sai bana. Na tuna Gwaggo ta dubi yatsun ƙafarta tana murmushi, ta canza zance. Na ɗauka yabon ibada ne. Ban tuna ba cewa matar aure mai shekaruna, wadda aka yi wa aiki don neman haihuwa, in ta ce ba ta sha azumi ba, fassara ɗaya maganarta ke da ita.

To yanzu yaya zan yi? Cikin fari ba a faɗarsa. Mai shi ba ta faɗa, manya ba sa tambaya, kowa ya sani kowa ya yi kamar bai sani ba. Ta ina zan ƙaryata zancen da babu wanda ya furta? A cikin motar haya kuma, gaban direba da dattijo? Na cinye mangwaron nan tas, idona na hawaye, Gwaggo na kallona ta madubi da gamsuwa.

Mun wuce Alwasa rana ta fara nuna halinta. Mun shiga Argungu da hantsi. Garin hanci ke fara ganinsa, hayaƙin bandar kifi ta wannan gefe, tururin gumi ta wancan, wato shinkafar da mata ke turarawa su shanya a kan tabarmi kafin a kai inji. Manyan motoci sun yi layi ɗauke da shanshera, shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba. Muka hau keke mai ƙafa uku zuwa gida, shi ma mai keken sai da aka ja masa kunne a kan ƙwai.

Labari ya riga mu isa, waya ba ta da kunya irin tamu. Tsakar gida cike da mata, manyan tukwane a kan murhu, ana suyar ragon suna, ana tuƙa tuwon shinkafa da muciya mai tsawon mutum. A al'ada matar ɗa a irin wannan rana ba ta zama. Ita ce wanke-wanke, ita ce ɗauko wancan, kai wancan. Na tuɓe mayafi na nufi wurin kwanuka, wata ta riƙe mini hannu. Aka shimfiɗa mini katifa a baranda, aka jawo fanka aka saita ta gare ni, aka kawo kunun kanwa mai zafi irin na maijego, aka ce ni ma in taɓa.

Ƙannen maigida, abokan wasana, suka zagaye ni.

“Matar Yaya ta yi haske.”

“Bar ta, ruwan Birni na.”

“Ruwan Birni bai buɗa hanci. Dubi hancin.”

Suka kwashe da dariya, wata tsohuwa ta kore su da mafici. Tana wucewa ta gefena ta ce ƙasa-ƙasa, kamar da bango take, “Allah shi raba lahiya.”

Allurar nan tana da wani hali. Haka kawai sai zafi ya taso daga ƙirji ya haye wuya ya mamaye fuska, gumi ya karyo kamar an watsa ruwa. Likita ta ce haka mata ke ji in al'ada za ta ɗauke musu da girma. Ya taso mini a kan katifar nan, a gaban kowa. Mata suka dubi juna suka gyaɗa kai. Ga shaida ta biyu. Abin da ke nuna jikina ya yi barci, shi suka karanta a matsayin rai ya motsa.

Ga abin da ya fi mini wuyar rubutawa. Na ji daɗi. Shekarun da na yi ina zuwa gidan nan, ana karɓata da mutunci, amma mutuncin baƙuwar da ta zo hannu sake. A ranar sai na ga yadda ake kallon macen da ta zo da abu. Murya ta yi laushi, ido ya yi laushi, tsokar da ta fi kyau a cikin suya ita ke zuwa kwanona. Na jingina da bango na ɗora hannu a marata, inda ƙananan tabon aikin suke, na bar shi a nan. Sai na kama kaina ina ƙyashin wata mace da ban taɓa yi wa ba. Sunanta sunana, mijinta mijina, zanena ne a jikinta, tana zaune daidai inda nake zaune. Ita ake ba tsokar. Ni aro na yi.

Daga inda nake ina hango Gwaggo a tsakiyar gida tana ba da umarni. 'Ya'yanta mata biyu na kan tukwane, ɗanta ya aiko da lemo katan-katan, jikoki na rataye da gefen zanenta tana kaɗe su kamar ƙuda. Na ce a raina, ga wadda ba ta san darajar abin da take kaɗewa ba. Ita ma na sa ta a layi.

Sai da aka ɗan natsa na shiga wurin maijego, a uwar ɗakin surukata. Ɗakin da ɗumi, turaren wuta da ƙamshin bagaruwa, ita kuma ta sha lalle ta yi jajir don wankan ruwan zafi. Jaririyar na gefe a naɗe. Ƙawata ta juya mata baya kamar kayan wani ne aka ba ta ajiya, saboda 'yar fari ce, ga mata a ɗaki.

“Matar Yaya, ɗauki ɗiyarki, ni ta ishe ni.”

“Ko kallonta ba kya yi.”

Ta matso da bakinta kunnena. “Ina kallo in sun hita. Har ƙidaya yatsunta nika yi.”

Na ɗauke ta. Ba ta da nauyi. An aske mata kai, an zizara mata kwalli, bakinta na motsi tana tsotson wani abu a mafarki. Kanta na ƙamshin da ban san da me zan kwatanta ba, kamar ƙasa in ruwan farko ya taɓa ta, amma da ɗumi. Ga mai abu an hana ta kallo, ga mai kallo ba ta da abu. Na so in ce mata mu yi musaya na yini ɗaya, ta huta da kunya, ni in huta da nawa.

Ƙawata ta nuna mini wani tarin kaya a bayan ƙofa da haɓarta, riguna da tawul da bahon wanka. “Waɗancan na ware. Kak ki sayi komi.” Na buɗe baki. Da mu biyu ne da na faɗa. Amma wata inna na zaune a bakin gado tana ɓare goro, kunnenta a miƙe. Na ce, “Allah ya raya,” na mayar mata da 'yarta.

Bayan azahar surukata ta aika a kira ni. Inna muke ce mata. Na durƙusa a bakin ƙofa, kaina a ƙasa. Ba ni ta kalla ba, Gwaggo ta kalla, da ita ta yi maganar, kamar yadda ake yi.

“Yarinyar ga ba ta komawa. Hanya ba kyau, ga zahi. Ta zamna nan sai bayan babbar salla, in ta yi ƙwari. Zuwa asibitin ga na wata-wata kuma a dakata hakanan. Abin da anka nema ya samu.”

Gwaggo ta ce, “Nima abin da niƙ ƙudura ke nan.”

Allurata jibi ce. Tana can cikin firji a Nassarawa. Likita ta gargaɗe ni kada in tsallake, domin in jikin ya farka tun lokaci bai yi ba, ciwon na iya dawowa, shirin dashen kuma ya wargaje a koma farko. Wahalar aikin, da tafiyar Abuja, da filin da maigida ya sayar, duk suna rataye da jibin nan. Na ce, “To, Inna,” domin ban san wata amsar da ake ba suruka ba.

Na fita bayan ɗaki na tura wa maigida saƙo, yana waje cikin maza. Amsarsa ta zo nan take: “Ni da ko sunana ba ta faɗa, ta ina zan fara wannan zance da ita?” Shi ne ɗan farinta. Na tsaya a inuwar bango ina kallon wayar. Kuma ba zan ɓoye ba, wani sashe na zuciyata ya so in zauna. Wata biyu a kan katifar nan, ana kallona da idon nan. Na san ƙarshensa kunya ce da ta fi ta yau, na san ciwo ne, amma na so.

Da la'asar Gwaggo ta ce za ta bakin gulbi sayen kifin tsaraba. Na ce zan raka ta. Ta ce mai irin halina ba ta zuwa bakin ruwa da yamma. Na nace, abin da ban taɓa yi mata ba, ta dube ni ta ce to, amma in tsaya nesa da ruwan.

Gulbin Matan Fada a wannan lokaci ya ja baya, ya bar yashi fari da sawun shanu. Ruwan ya kwanta shiru, launin shayi da madara. Jiragen ruwa a kife a gaɓa, wani masunci na iyo a kan babban gora yana tura homarsa ta kamun kifi a gaba, a hankali, kamar mai lallashin ruwan. Mata na zaune da kwanduna, tarwaɗa na motsi a cikin baho, ga ƙarfasa, ga bandar da ta yi baƙi tana sheƙi. Gwaggo ta tsuguna gaban wata mai kifi ta fara juya su ɗaya-ɗaya. Matar ta ɗago wata ƙatuwa ta matsa cikinta.

“Wagga ɗauki, Hajiya. Mai ƙwai ta, cike take.”

Har kifi, na ce a raina. Ban san lokacin da na tsuguna kusa da Gwaggo ba.

“Gwaggo, babu komai a jikina.”

Hannunta ya tsaya a kan kifin.

“Allura ake mini duk wata. Ita ta ɗauke al'adar. Likita ta ce ko ciki ba zai shiga ba sai na gama.”

“Azumin hwa?”

“Ita ce.”

Mai kifin ta kawar da kai tana korar ƙuda.

“Ashe har an yi allurar da ka hana mace shan azumi,” Gwaggo ta ce a hankali. “In kin bari, mi za ya faru?”

Na gaya mata, da jibin, da dashen, da komai. Tana saurare tana kallon ruwa.

“Ciwon nan naki. Shi na mai sauka har cinya, in ya taso ko miƙewa ba a yi?”

Na ce shi ne.

Ta gyaɗa kai. Ta tambayi kuɗin kifin, matar ta faɗi na farko, irin wanda ake faɗa don a taya. Gwaggo ta kwance bakin zane ta biya. Mai kifin ta bi kuɗin da kallo, ta bi Gwaggo da kallo, har ta ƙara mana ɗaya don tsoron Allah.

A cikin keke ta ce, “Bakina yaɗ ɗaura, shi za ya kwance. Ke dai ɗauki mayahinki ki tsaya tsakar gida.”

Ta shiga ɗakin Inna ta saki labule. Na tsaya kusa da randa, mata na ta raba tuwo, wata na rangaɗa guɗa don dangin uban jaririya sun iso. Ban ji komai daga ɗakin ba. Sun daɗe. Da labulen ya ɗaga, Inna ce ta fara fitowa, ɗauke da ɗan buhun gumi. Ta zo har gabana ta ɗora mini shi a hannu, da nauyinsa, ta bar ni na riƙe. Idonta ya yi ja. Wannan karon ni ta kalla.

“Allah shi ba da lahiya, ɗiyata. Ku tahi tun da haske.”

Na leƙa na yi wa maijego sallama. Ta riƙe mini yatsu ta matse. “Kayan na nan,” ta ce. “Ba su ruɓewa.” Na dubi jaririyar sau ɗaya. Ƙyashin na nan inda yake, bai matsa ko'ina ba, sai dai yanzu ba ni da abin ɓoyewa a bayansa.

A dawowa mu huɗu ne a kujerar baya, ni a matse tsakanin Gwaggo da wata mai kwandon kaji, buhun gumi a cinyata, jakata a kansa. Direban yaro ne mai sauri, ya bi ta kan kowane rami kamar da gayya, babu wanda ya ce masa akwai ƙwai. Rana na faɗawa cikin fadama, hayaƙin ɓawon shinkafa ya kwanta a kan gonaki, shanu na komawa a jere. Daga Argungu har Ambursa ina makokin ɗan da bai taɓa zuwa ba. Yini ɗaya ya yi a duniya, a cikin idanun mutane, amma na saba da shi. Sau ɗaya, da muka faɗa wani babban rami, Gwaggo ta ɗora tafinta a gwiwata ta bar shi har muka ga fitilun Birni. Mun shiga Nassarawa ana kiran magariba. Jibin na je aka yi mini allurata.

Argungu ba nisa, wanda ya tashi da asuba zai karya kumallo a can. Amma na dawo da abin da ban tafi da shi ba. Kunyarmu kyakkyawa ce, ita ta shimfiɗa mini katifa, ita kuma ta kusa raba ni da magani. Duk mai irin wannan jinya, ta samu babbar mace ɗaya a dangin miji ta gaya mata komai da sunansa, tun kafin a fassara mata shirunta. Wadda kuma ciwon wata ke kayarwa, kada ta jira aure ko haihuwa su warkar da ita, ta je a duba. Ni yanzu na gama alluran, muna jiran ranar da likita za ta sa. Ban san abin da Allah ya rubuta ba. Har yanzu in na ga goyo nakan kawar da kai, sannan in sake dubawa.

Abin da aka faɗa a bayan labulen nan sai bayan watanni na ji, ranar da ƙawata ta kawo mini 'yarta har ta fara zama. Tana uwar ɗaki a lokacin, ta ji komai. Ta ce Gwaggo ba ta yi dogon bayani a kan allura ba. Cewa ta yi, “Ke kin san yadda nike birgima cikin gidan ga duk wata, kunka ce iska ta, anka yi ta yi min turare. Ni ba a san sunan nawa ba. Wagga an san sunan nata. Ku bar ta ta tahi.”

Na ce, “Amma ai Gwaggo ta haihu daga baya.”

Ƙawata ta girgiza kai. Ita ma a ranar ta sani. Matan nan biyu da ke kan tukwane, da mai aiko da lemo, 'ya'yan ƙanwarta ne da ta rasu, tun suna ƙanana aka ba ta riƙo, kuma babu mai faɗa. Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba.